Kawu Auta da Hirarrakin Kaka Masu Suna Ɗaya

A gidanmu, idan aka yi musu kan shekarar da aka haifi wani, ko kan wace ce a tsaye bayan Mama a tsohon hoton nan da ya fara koɗewa, ni ake kira. Tun ina ajin farko a sakandare nake tara hotuna, ina ɗaukar muryar manya a waya. Shi ya sa Kaka ta laƙaba mini 'Yar Jarida, sunan kuma ya bi ni har makaranta. Na daɗe ina son in rubuta wani abu a kan kowa na gidan, sai na ga gara in fara da Kawu, ƙanin Mama, autan Kaka. Furfura ta fara leƙowa a gemunsa, amma har gobe Auta take kiransa, ko da a gaban abokan aikinsa ne.

Kawu manhaja yake rubutawa. Yana aiki a wani kamfani da ke rarraba magunguna kanti-kanti. Shi ba ya taɓa magani, ba ya tuƙa mota. Abin da ke hannunsa shi ne rumbun bayanai, wato inda kwamfuta ke ajiye sunan kowane kanti da abin da ya nema da abin da ya rage a sito, sai kuma manhajar da masu kantin ke latsawa a waya, ta je rumbun ta ɗauko musu amsa. Kaka ba ta taɓa yarda wannan aiki ne ba. Idan baƙi suka tambaye ta me Auta yake yi, cewa take, "Zama yake yi. Ana biyansa yana zaune."

Mama ta ce tun yana yaro ba ya iya ganin abu a barbaje ya wuce. Kakanmu, wanda muke kira Baba Tsoho, gyaran rediyo yake yi a wata 'yar rumfa a bakin titi. Kawu kan dawo daga makaranta ya zauna ƙarƙashin teburin, yana ware ƙananan kusoshi cikin gwangwanayen madara, masu faɗin kai daban, masu tsini daban. Baba Tsoho ba mai magana ba ne. Idan aikin ya yi masa kyau, sai ya turo wa yaron wani gwangwanin da ƙafa, yabon ke nan. Wata rana abin ya kai Kawu har kicin. Ya jera tukwane daga babba zuwa ƙarama a gefe guda, murafansu a wani gefen. Kaka ta dawo ta yini tana gwada murfi a bakin tukunya, tana kiran sunansa da muryar da maƙwabta suka sani. Har yau idan ya shiga kicin ɗinta, sai ta ce ya sa hannunsa a aljihu.

Da ya gama makaranta, shagon buga takardu ya fara shiga. Yana buga wa mutane wasiƙun neman aiki, shi kansa yana nema. Mai shagon yana yawan manta wa ya kawo me, sai Kawu ya ce bari ya gwada haɗa masa wani abu a kwamfuta. Da wani tsohon littafi da bangonsa ya cire ya koya, da kuma abin da yake tsinta a intanet idan babu mai jira. Abin da ya haɗa ɗin ya yi aiki na 'yan watanni, sannan ya tsaya cak ranar da shagon ya fi cika. Kawu ya ce a ranar ya fara koyon sana'ar da gaske. Daga nan ya yi ta sauya wuri har ya samu inda yake yanzu.

Na taɓa bin sa ofis sau ɗaya lokacin hutu. Ɗaki ne a hawa na biyu, saman shagon masu faci. Akwai fanka mai juya kai da ke ƙara duk lokacin da ta kai hagu, da farin allo cike da akwatuna da kibiyoyi, da wata shuka a taga da ba wanda ya yarda tasa ce amma kowa na zuba mata ragowar shayi. Kujerar Kawu an ɗaure hannunta ɗaya da waya. A ranar masu kanti suna ta bugowa, wai shafin kaya ba ya buɗewa da wuri, har mutum ya sallami mai saye ya dawo abin yana juyawa. Kawu ya duƙa ya bi sawu, ya gano dalili. Manhajar takan je rumbu ta ɗauko jerin magunguna, sannan ta koma ta tambayi nawa ya rage na farko, ta dawo, ta sake komawa ta tambayi na biyu, haka har ƙarshen jerin. Ya gyara ta yadda za ta tambayi duka a tafiya ɗaya. Wayoyi suka yi shiru. Ba wanda ya bugo ya ce an gode, shi ma bai sa rai ba.

Da yamma muka biya gidansa. Ko takalmi bai cire ba, matarsa, da muke kira Anti, ta aike shi kanti sayen sukari. Ya dawo, ta ce ashana. Ya dawo, ta ce sabulu.

Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Madam, abin da na yini ina gyarawa ke nan. Ki haɗa saƙonki duka in je sau ɗaya."

Ta ce, "To Injiniya, ai sai na gan ka nake tuna na gaba."

"Kwamfutar ma haka take yi."

"Ita ka gyara ta. Ni taimakon ka nake yi, dubi tumbinka."

Ya tafi ya sayo sabulun.

Haka yake da kowa. Aikinsa yana biyo shi gida kamar ƙurar hanya a ƙafar wando. Idan aka aiki 'yarsa ta ɗebo wani abu ba ta samu ba, sai ya ce ta dawo da kwanon ko ba komai a ciki, domin mai jira ya gani da idonsa cewa babu. Wai haka yake koya wa manhaja, idan an tambaye ta jeri kuma babu kowa a ciki, ta miƙo jerin a wofi, kada ta dawo hannu rabbana har na gaba ya yi tuntuɓe. A ofis kuwa an san shi da tsoron gogewa. Kafin ya goge komai daga rumbu sai ya fara ƙirga abin da zai tafi, ya buɗe wasu ya gani, ya gwada a kan kwafi, sannan ya kira wani ya duba masa. Abokan aikinsa suna tsokanar sa cewa ko tsohon saƙon waya zai share sai ya nemi shaidu biyu.

To, bara wayata ta cika. Hotuna ne, da bidiyo, da hirarrakin da nake yi da Kaka idan tana tsintar shinkafa ko tana ninke kaya. Wayar ta kai ba ta karɓar ko gaisuwa. Na kai kuka wurin Kawu. Ya ce zai haɗa mana shafi na iyali, mu ma da ɗan rumbunmu, kowa ya shiga daga inda yake ya gani, ya kuma ɗora nasa. Ya yi shi a ƙarshen mako biyu. Ya sa shafin yana nuna abubuwa kaɗan-kaɗan, sai ka latsa sannan wasu su fito, wai ba a juye wa baƙo akwati gaba ɗaya a cinya. Ya ce kuma duk mako rumbun yana kwafe kansa ya ajiye a wani wuri, saboda tsaro. Na ɗora komai. Na tambaye shi ko in share na wayata, ya ce, "Share, 'Yar Jarida. Yanzu suna hannun ƙwararru."

Cikin hirarrakin nan akwai ɗaya da ta fi sauran. Baba Tsoho, Allah ya jiƙansa, bai taɓa yarda an ɗauki muryarsa ba. Idan na nufo shi da waya, sai ya ɗaga hannu kamar mai tsayar da mota. Ya ce ya gama rayuwarsa yana gyara akwatunan da ke surutu, ba zai shiga ɗaya ba. Amma wata rana ina ɗaukar Kaka a tsakar gida, yana kwance a ɗaki, sai ya sa baki daga can ciki. Magana ce 'yar kaɗan, bai san wayar na ji ba. A shekarar ya rasu. Duk duniya nan kaɗai muryarsa ta rage. Kaka ta san da ita, amma duk lokacin da na ce in sa mata, sai ta ce ba yanzu ba, ta miƙe ta nemi aikin yi.

Wata Asabar da hantsi muna zaune, ta gama shan shayi, sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "'Yar Jarida, sa mini wannan da mutumin nan ya sa baki."

Na buɗe shafin, na rubuta "Hira da Kaka" a wurin nema. Guda ɗaya ta fito. Na sake rubutawa, guda ɗaya. Hirarrakin kuwa sun kusa arba'in. Na latsa wadda ta fito, ta farkon da na taɓa ɗauka ce, Kaka tana tambaya ko abin ya fara ji. Na bugo wa Kawu. Na gaya masa, ya ce ga shi nan zuwa.

Ya zo da kwamfutarsa a hammata, da silifas na wanka a ƙafa. Ya durƙusa ya gai da Kaka, ya daɗe a gaisuwar fiye da kullum. Sannan ya yi bayani. Wurin ajiyar da ya kama haya a intanet ya kusa cika, domin dangi kowa ya ɗora hoton taro iri ɗaya, wani hoton ma ya shigo sau bakwai. Sai ya rubuta ɗan gajeren umarni: a bi jerin abubuwa daga sama, duk wanda aka riga aka ga mai sunansa, a goge shi.

Ya juyo wurina. "Ke kuma me ya sa duk kika sa musu suna ɗaya?"

Na ce, "Kawu, hira ce, kuma da Kaka ce. Me zan sa?"

"Ko rana, ko lamba, ko abin da ta faɗa a ciki."

Kaka ta ajiye kofinta. "Auta, a zuri'ar nan 'yan mata nawa ke amsa sunana?"

Ya ce, "Huɗu, Inna."

"To tashi ka je ka goge uku."

Na tambaye shi ko ya ƙirga kafin ya goge, kamar yadda yake yi a ofis. Anti ce ta amsa, ta shigo a bayansa da 'yarsu a hannu.

"Wace ƙirga? Ƙwallo yake kallo, aka tafi hutun rabin lokaci. Yarinya na cinyarsa, da hannu ɗaya ya rubuta. Na ce masa abinci na hucewa, ya ce minti biyu ne, aikin gida ne."

Kawu ya ce, "Madam, ba a tambaye ki ba."

"Ai ba shaidu biyu kake nema ba? Ga ɗaya."

Ya gyara zama, ya ce kada kowa ya damu, akwai kwafin da rumbun ke ajiyewa duk mako. Ya buɗe wurin, ga kwafe-kwafen nan a jere, kowane mako da nasa. Ya buɗe na ƙarshe kafin gogewar. Na ga fuskarsa ta sauya. Ya buɗe na gabansa, ya buɗe wani. Ashe abin da ake kwafewa sunaye ne kawai da ranar da aka ɗora, su muryoyin da hotunan suna wani gefe da kwafin bai taɓa leƙawa ba. Tun da ya haɗa abin bai taɓa gwada dawo da ko guda ba ya gani.

Ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce a ba shi ruwa.

Ban taɓa ganin Kawu haka ba. Mutumin da ke da amsa kan yadda ya kamata a jera cokula, ga shi zaune a kan tabarma yana kallon yatsun ƙafarsa. Kaka ta dube shi ta daɗe. Na san abin da ke ranta, domin shekara biyu ta ɗauka kafin ta iya cewa a sa mata muryar nan. Amma da ta buɗe baki cewa ta yi, "Sha ruwan. Ba a kanka aka fara ɓarna ba. Ubanka ya taɓa ƙona rediyon alƙali." A hankali ta faɗa, ba kamar yadda take tsokana ba.

Ya sha. Ya mai da tabarau. Ya ce bari ya shiga rumbun da kansa, ba ta shafin ba, ya ga girman abin da ya yi. Ya buɗe wani baƙin allo mai fararen rubutu ƙanana, ya rubuta layi ɗaya yana tambayar hirarraki nawa suka rage masu wannan sunan. Yana jiran ya ga ɗaya. Abin da ya fito ya kusa ashirin.

Na ce, "Kawu, suna nan?"

Ya ce, "Bai kamata su kasance ba."

Wallahi haka ya ce, kuma da ɓacin rai ya faɗa. Shafin dai yana nuna ɗaya ne saboda a ranar da ya yi gogewar ya sa shi ya riƙa nuna abu ɗaya daga kowane suna. Wannan ya gane shi nan take. Abin da ya hana shi sukuni shi ne umarninsa na gogewa, wanda ya kamata ya share duka ya bar ɗaya, ya bar rabi. Ya buɗe abin da ya rubuta, ya bi shi layi-layi da yatsa yana motsa leɓe. Can sai ya dafe goshi, kafaɗunsa suka fara rawa. Na zaci kuka yake yi, ashe dariya ce, irin ta kunya.

Kaka ta ce, "Idan abin dariya ne a ba mu mu ma."

Ya miƙe ya je bakin ƙofa ya kwaso takalman da ke wurin, ya jera su a tsakar gida. Ya ce mu ɗauka duk sunansu ɗaya. Ya tsuguna ya ɗora yatsa kan na farko, ya ce wannan an bar shi. Ya matsa kan na biyu, ya ce an taɓa ganin sunansa, ya cire shi ya jefa gefe. Sannan ya turo sauran suka matso, suka cike gurbin.

"Kun gani? Na uku ya dawo gurbin na biyu. Yatsana kuwa ya gama da wannan gurbin, gaba zai yi. Sai ya faɗa kan na huɗu ya cire. Na uku ko kallonsa bai yi ba. Haka har ƙarshe, a cire ɗaya a tsallake ɗaya. Ba a cire abu daga jeri ana cikin bin jerin. Sai ka bi ka gama, ka ware waɗanda za su tafi a gefe, sannan ka cire. Da a ofis wani ya kawo mini wannan, da na mayar masa ko gaisawa ba mu yi ba."

Kaka ta dubi takalman, ta dube shi. "Wato ko ɓarnar ma ba ka iya ta daidai ba."

"Haka ne, Inna."

"To Allah ya ƙara maka rashin iyawa. Mayar mini da takalmina."

Yanzu magana ta koma guda: muryar Baba Tsoho tana cikin waɗanda aka tsallake, ko tana cikin waɗanda aka cire? Ba yadda za a sani sai an saurara. Ranar da ke jikinsu duk ɗaya ce, ranar da na ɗora su. Na miƙa hannu zan latsa ta farko, Kawu ya riƙe wuyan hannuna. Ya ce ba wanda zai taɓa komai sai ya kwafe su. Ya kwafe a kwamfutarsa, ya kwafe a wayar Anti, ya buɗe ɗaya daga kowane wuri ya ji ta yi magana, sannan ya ba kowace lamba tata. Ya ce daga yau lambar nan ita ce shaidar kowane abu a rumbun, suna kuwa ado ne, kowa ya sa wanda ya ga dama. Ya kuma cire gogewa daga shafin gaba ɗaya, sai dai a ɓoye abu, yana nan a ƙasa idan an neme shi.

Kaka ta ce, "Auta, zan mutu kana shiri."

Muka fara. Na tuna a ranar da Baba Tsoho ya sa baki, labarin tashinsu daga tsohon gida take ba ni, yadda ta ɗauko keken ɗinkinta da kanta saboda motar kaya ta cika. Matsalar ita ce labarin nan ta ba ni shi ya fi sau goma. A lamba ta uku, a ka ta ɗauko keken, daga tsohon gida zuwa bakin titi. A lamba ta shida a baya ta goya shi, kuma har tasha. A ta takwas ana ruwan sama, tana da cikin Mama. Anti ta toshe baki da gefen mayafi.

Kawu ya ce, "Inna, keken nan kullum ƙara nisa yake yi."

Ta ce, "Kai da kake cewa duk abu ɗaya ne. Ka ji biyu da suka yi kama?"

Ya ce bai ji ba.

Muna tafe ina lura da waɗanda babu. Akwai wadda ta yi mini waƙar da mahaifiyarta ke yi musu suna yara, har ta manta baiti ta ƙirƙiro nata. Akwai wadda ta lissafa mini 'yan'uwanta da suka rasu, kowa da halinsa. Mun wuce inda ya kamata su fito, ba su fito ba. Na faɗa a fili. Kawu ya sunkuyar da kai. Kaka ta ce, "Bakina na nan, ki kawo wayarki gobe. Wanda ba ya nan muke nema."

Rana ta juya, inuwa ta bar inda muke, muka ja tabarma. 'Yar Kawu ta yi barci a cinyar Anti. Mama ta dawo daga unguwa ta tarar da mu zagaye da kwamfuta, aka gaya mata a taƙaice, ta zauna da mayafinta a ka. Lambobi suna ƙarewa. Kaka ta daina tsokana. Ta ɗauko wani zane ta ninke, ta warware, ta sake ninkewa. Kawu yana latsawa, duk wadda ta ƙare sai ya ɗan jira kafin ya taɓa ta gaba, kamar yana tsoron su ƙare a hannunsa.

Saura uku, sai na ji ƙarar injin niƙan maƙwabta a bayan muryar Kaka. Na tuna a ranar sai da na matso da wayar kusa da bakinta saboda shi. Na ɗaga hannu. Kaka ta cikin kwamfuta tana cewa motar ta cika maƙil, direba ya ce ko allura ba za ta shiga ba, ita kuwa ta ce ba za ta bar kekenta ba, ta naɗe gammo, ta ɗora shi a ka, ta kama hanya ita kaɗai.

Sai aka ji tari daga nesa, da ƙarar gado. Sannan murya, a shaƙe, ba gaggawa:

"Ni na ɗauko keken nan. Ke fitila kika riƙe."

Kaka ta cikin kwamfuta ta ce, "Wa ya sa da kai? Kwanta."

Aka ji 'yar dariyarsa, gajeriya, ta hanci. Shi ke nan.

Ba wanda ya motsa. Mama ta ja mayafi ta rufe fuska. Kawu ya tsayar da abin, hannunsa na kan kwamfutar bai ɗauke ba, idonsa ya yi ja. Kaka ta ajiye zanen da take ninkewa. Ta matso, ta sunkuya kusa da inda sautin ke fita, kamar yadda take sunkuyawa a ƙofar ɗakinsa da.

Ta ce, "Fitilar da kwalba ce, da ta fashe da a duhu za ku kwana. Kuma daga kwanar masu kifi wa ya karɓa, da ka ce wuyanka?"

Ta jira kaɗan. Sannan ta taɓa gwiwar Kawu.

"Mai da shi baya, Auta. Ban gama ba shi amsa ba."